Katin da Ya Shiga Wanki

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin lissafina ne na aji shida. Akwai sauran shafi talatin da ɗaya da ban rubuta komai ba. Mama ta ce in riƙa zama a ɗakin Yaya daga safe har ta dawo daga shagon wanki da guga, kuma kada in dame ta da surutu. Ni da ma ba ni da surutu. A makaranta har mantawa Malama take ina cikin aji. To zan riƙa rubutu.

Yaya ta dawo gidanmu ranar Alhamis. Daga asibiti nan aka kawo ta, ba a kai ta gidan mijinta ba. Baba ne ya riƙe ta a matakala, hawa biyu, suna tsayawa a kowace kwana. Mama tana bayansu da jakar nan shuɗiya ta kayan jariri. Jakar ta dawo yadda ta tafi, ko zif ɗinta ba a buɗe ba. Yanzu tana saman sif. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya san yadda ya yi bai kalli wajen ba.

Yaya ta kwanta a tsohon gadonta tana kallon bango. Kwana huɗu ke nan. Ba ta yi magana ba.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shayi cokali uku. Burodi ko taɓawa.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mijin Yaya ya zo. Gyaran firji yake yi, kowa Mai Firji yake ce masa, ni kuma Yaya Mai Firji. Kullum ƙarfe shida yake zuwa da lemo biyu a aljihun riga. Ba ya shiga ɗakin sosai. Yana jan kujerar roba ya zauna a bakin ƙofa, ya fara ba bayan Yaya labarin aiki. Yau labarin wata mata ne da ta kira shi wai firjinta ya mutu, ya je ya tarar yaro ne ya zare filogi. Ya yi dariya shi kaɗai. Daga baya ya ɓare lemo ɗaya, ya jera ɓarin a faranti, ya ce da ni, “Auta, ko da za ta nema.”

Ba ta nema ba. Ni na shanye, don kada gobe ya zo ya gani.

Mama ta kwashe duk magungunan gidan ta kulle a akwatinta. Har da almakashin ɗinki. Ta ce ko banɗaki zan shiga in bar ƙofar ɗakin a buɗe. Ban tambayi dalili ba.

Tana wanke rigunan Yaya sau biyu a rana. Na san dalilin wannan, amma ba zan rubuta ba.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ta zo gida. Doguwa ce, tabaranta rataye da igiya a wuya. Ta daɗe a ɗakin. Da ta fito suka tsaya da Mama da Baba a falo, ni ina kicin ina wanke kofin da na riga na wanke.

Ta ce ciwon jikin yana warkewa. Ta ce amma idan nan da sati biyu Yaya ba ta fara ci ba, ba ta fara magana ba, sai dai a kwantar da ita a can. Mama ta ce, “Can ina?” Ta ce ginin da ke bayan asibiti, wurin masu irin wannan. Ta ce wuri ne mai kyau, akwai itatuwa. Ziyara ranar Lahadi kawai, kuma ba a barin wanda bai kai shekara sha biyar ba ya shiga.

Shekarata sha uku.

Sati biyu ya kama Alhamis, 23 ga wata. Na zagaye ranar a kalandar kicin da fensir, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina sharar ƙarƙashin gado tsintsiya ta bugi wani abu. Gwangwanin biskit ne, ya yi tsatsa. Katin Dawa na Yaya ne a ciki, ɗaure da robar gashi.

Zan bayyana wasan ko da wani zai karanta wata rana. Ba karta ba ce. Kati ne masu hoton dabbobi da mutanen daji, ana sayensu a ƙulle, ana musaya da ƙawaye har mutum ya haɗa tarinsa na talatin. Kowa yana da rai goma, da marfin kwalba muke ƙirgawa. Duk juyi za ki ɗauki kati ɗaya daga tarinki. Katin da ya gama aiki ko aka kashe shi sai ya tafi juji, wato gefen da ake zubarwa. Wadda rayukanta suka ƙare ta faɗi. Wadda kuma tarinta ya ƙare, ta zo ɗauka babu, ita ma ta faɗi.

Ina da nawa katin, goma sha biyu, ba su kai tari ba. Amma Yaya, lokacin tana 'yar sakandare, ba wanda ya taɓa cin ta a benen nan. Ina zaune a cinyarta take wasa a matakala. Mage take ce min, wai ina shigowa ɗaki ba a jin tafiyata. Ita kaɗai ke kirana haka.

Na kaɗa gwangwanin kaɗan don ta ji ƙarar. Ba ta juyo ba.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na raba tarin gida biyu na yi wasa ni kaɗai a kan tabarma, ina faɗin komai a fili. “Na ɗauka. Na sa Kunkuru.” Muryata tana ba ni kunya a ɗakin, amma na ci gaba.

Ban gane tarin nan ba. Babu mai ƙarfi ko ɗaya. Gara ta ce ki zubar da kati uku daga tarinki. Ɓera ya ce biyu. Kunkuru yana tare miki duka, amma sai kin zubar da biyu. Iska ta ce ki zubar da duk abin da ke hannunki. Tari ne mai cin kansa. Ta yaya aka taɓa cin wasa da wannan?

Akwai wani kati da ya taɓa shiga wanki a aljihun rigar makarantarta. Ya yi laushi kamar tsumma. Hoton wata tsohuwa ce da tsintsiya, ƙarfinta sifiri, rubutun ƙasan duk ya goge.

Cokali huɗu yau. Ko uku da rabi.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Goggo ta zo gaisuwa. Ta zauna a bakin gado ta ce da Yaya wani abu game da ƙuruciya da kuma gaba. Baba ya ce da Goggo, “Zo in raka ki, motar biyar za ta wuce.” Motar biyar ba ta aiki ranar Lahadi. Shi direbanta ne.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Na yi wani abu yau. Ina jin abu ne mai kyau.

Da Mama ta dawo ta aike ni kyamis ɗin ƙasan benenmu sayen auduga. 'Yar mai kyamis tana bakin ƙofa da katinta a cikin wani littafi mai aljihunan leda. Rediyo ake ce mata. Ajinmu ɗaya tun aji ɗaya, kuma ban taɓa gama jimla a gabanta ba.

Ta ce, “Ke, Kurma, yaya jikin yayarki? An ce ba ta magana. To ai gado ne a gidanku. Wasa nake. Zo ki ga abin da na samu.”

Zakin Zinariya ne. Yana ƙyalli, in an juya shi gashin wuyansa kamar yana motsi. Na tuna Yaya ta taɓa tsayawa a gaban gilashin mai kantin da ke sayar da katin tana kallon irinsa har muka makara.

Na hau sama na ɗauko nawa. Na ce musaya. Ta zaɓi bakwai mafi kyau, ta ce ba su isa ba, sai da gyara. Ba ni da wani na kirki. Sai na koma na zaro tsohuwar nan da ta shiga wanki daga gwangwanin Yaya. Rediyo ta riƙe ta da yatsa biyu ta ce, “Wannan kakar wa ce?” Amma ta karɓa, wai ba ta da hoton a littafinta.

Na sa Zaki a madadinta. Tarin ya koma talatin daidai. Yanzu yana da mai ƙarfi ɗaya.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Rana tana shigowa ta taga ƙarfe takwas da rabi. Na tara Zaki a hasken, ƙyallinsa ya faɗa a bangon da take kallo, ja da kore da ruwan ɗorawa. Na riƙa kaɗa shi a hankali. Na ce, “Yaya, kin ga abin da na samo miki.”

Na daɗe hannuna a sama har ya yi tsami. Ba ta juyo ba.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Cokali biyu. Saura kwana takwas.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana



Na bar gwangwanin a kan gado kusa da ƙafarta na tafi ɗora ruwan zafi. Gas ya ƙi kamawa, na daɗe ina fama da ashana. Da na dawo tana kwance yadda na bar ta, fuska a bango. Amma katin suna jere a kan zanin gado a bayanta. Layi biyar, shida-shida, kowane iri da 'yan uwansa. Gara wuri ɗaya, Ɓera wuri ɗaya. A layin ƙarshe akwai gurbi guda babu komai.

Zaki yana ƙasa, kusa da takalmi.

Ta tashi zaune ke nan. Ta buɗe gwangwani, ta kwance roba, ta ƙirga. Kwana goma sha huɗu ba ta nemi komai ba a duniya. Abu na farko da ta nema, ni na bayar da shi gyara.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na gaya wa Mama zancen jerin katin. Ta ajiye jakarta ta zauna a ƙasan kicin da takalmi a ƙafa. Ta ce, “Da hannunta?” Na ce e. Ta sake cewa, “Da hannunta?” Sai can ta share ido ta ce, “Wannan abin dai ba caca ba ce ko?” Na ce a'a, marfin kwalba ne. Ta ce, “To ko caca ce a yi.”

Ban gaya mata zancen gurbin ba.

Yau duk na wuni ina ƙoƙarin tuna wasan matakala. Na tuna warin man gashinta. Na tuna tana ta zubar da katinta tana murmushi, yara suna cewa ta haukace. A ƙarshe takan tafa hannu ta ce, “Tsohuwa ta share gida.” Sai kowa ya yi tsaki ya tashi. Shekarata biyar lokacin, na ɗauka waƙa ce.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sauka na hau sau uku kafin in iya tsayawa a gaban Rediyo. Na miƙa mata Zaki na ce ta ba ni tsohuwa.

Ta ce, “Ciniki ya faɗa, Kurma. Kuma tunda kika dawo nemanta akwai wani abu. Mene ne?”

Na ce ta Yaya ce.

Sai ta ce ita ba ta mayar da musaya, kowa ya sani, in ta yi min gobe yaran bene duk za su yi layi. Amma za ta ara min ita wasa ɗaya. In na ci ta, tsohuwa tawa ce. In na faɗi ta koma littafinta, kuma kada in ƙara tayar da zancen. Ta ce, “Kati mai sifiri, ko a hannunki yake me zai yi?”

Na ce ba na iya fita da rana, sai dai ta hawo ɗakin Yaya. Ta ce ranar Talata, don za ta je wurin kakarta sai Litinin.

Ban taɓa cin kowa wasa ba. Ban ma taɓa yi da mutum ba.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Na tare Yaya Mai Firji a matakala kafin ya shiga. Na tambaye shi ko ya san aikin tsohuwar.

Ya zauna a kan matakalar da kayan aikinsa. Ya ce a nan ya fara ganin Yaya, ya zo gyara a hawa na uku da maigidansa, ta ci shi sau huɗu a jere har maigidan ya yi masa faɗa. Ya ce, “Ni dai na san in ta fara zubar da kati tana wannan murmushin, to tawa ta ƙare.” Ya ce abin da ya riƙe shi ne, tsohuwa tana fili, tari ya ƙare ƙaf, sai ta ce ta ci. Ya ce akwai wani sharaɗi kuma. Ya dafe goshi ya daɗe. Bai tuna ba.

Sai ya ce, ba tare da na tambaya ba, wai jiya ya kwance ɗan gadon nan na katako da ya haɗa. Ya jera katakon a bayan ƙofa. Ya ce ƙusoshin ne bai san inda zai sa su ba, suna aljihunsa. Ya taɓa aljihun na ji ƙararsu.

Ya ba ni lemo ɗaya ya ce wannan nawa ne, in daina shan nata a ɓoye.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mama ta fara haɗa kaya a ƙaramar jaka. Riga uku, tawul, sabulu, mataji. Da ta fita na zare matajin na mayar kan taga. Da matajin nake taje wa Yaya gefen gashin da nake iya kaiwa.

Na gaya wa bayanta gaskiya. Na ce, “Yaya, ni na bayar da ita. Na ɗauka ba ta da amfani. Gobe zan karɓo.” Na ce ta yi haƙuri. Na faɗa sau biyu.

Ba ta juyo ba.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta komai a jere don kada in manta ko ɗaya.

Rediyo ta hawo ƙarfe sha ɗaya. A bakin ƙofa ta rage murya ta ce, “Sannu Yaya, ya jiki?” Ta kalli bayan Yaya, ta kalle ni, ta zauna a tabarma. Minti biyu ta yi tana raɗa, daga nan ta manta.

Ta ba ni tsohuwa. Tari ya zama talatin da ɗaya, dole in cire ɗaya. Zaki ya kamata in cire. Na kasa. Na cire Ɓera ɗaya na tura ƙarƙashin tabarma.

Katinta duk masu haƙori ne. Kura, Kada, Damisa biyu. Juyi huɗu ta ci min rai huɗu. Tana ɗauke marfin tana cewa, “Kawo, kawo, Allah ya jiƙan wannan.” Tsohuwa ta zo hannuna a juyi na biyar, na ajiye ta a fili. Rediyo ta ce, “Sannu da zuwa Kaka, a kawo miki kujera?” Ba ta ko ɓata duka a kanta ba.

Sai na fara zubarwa. Gara, uku suka tafi juji. Ɓera, biyu. Duk sanda ta kawo duka in sa Kunkuru in zubar da biyu. Duk katin da nake jefawa na Yaya ne, gefensu duk ya yi baƙi da yatsunta. Juji yana tsawo, tari yana sirancewa. Rediyo ta ce, “Ke wai da ni kike wasa ko da kanki?” Na samu na ci mata rai shida da ƙananan cizo, ban san ma yadda aka yi ba.

Aka zo ina da rai ɗaya, ita huɗu. Na ɗauki katin ƙarshe. Wurin tarin ya zama tabarma zalla. A hannuna saura biyu, Zaki da Iska.

Na ce, “Tsohuwa ta share gida.” Da ƙyar ni kaina na ji.

Rediyo ta ce, “Ta share me? Tarinki ya ƙare, Kurma. Juyi na gaba ba abin ɗauka, kin faɗi. Yi wasanki ki ba ni kakata.”

Na ce Yaya haka take ci.

Ta ɗauki katin ta kai kusa da ido. “Ina aka rubuta? Nan sabulu na gani.”

Zaki yana cin rai uku ne, ita kuma tana da huɗu. Ko na sa shi ba zai gama ta ba. Na ce a raina bari dai in sa shi, in ga ya yi faɗa sau ɗaya tunda saboda shi na yi ɓarnar. Na zaro shi ina faɗin sunansa. Idona ya cika, ƙyallin ya zama ruwa.

“Mage.”

Muryar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ɗauka daga waje ne.

“Ba shi ba. Iska.”

Iska tana zubar da duk abin da ke hannu. Na kalli Zaki. Kati bakwai na bayar a kansa. Na ajiye Iska, na ɗora Zaki a kan juji, Iska ta bi shi. Na buɗe tafin hannuna biyu, ba komai.

Yaya ta ce, tana kallon bango, a hankali kamar mai karatun allo a aji, “Idan Tsohuwa tana fili, tarinki ya ƙare, hannunki babu komai, gida ya sharu. Ke kika ci.”

Da wata ce da ta haƙura. Amma Rediyo ce. Ta ce, “Yaya, ba raini ba, amma ai rubutun ya goge. Kowa ma zai iya faɗin abin da ya ga dama.”

Gadon ya yi ƙara. Yaya ta juyo. Ta dogara da gwiwar hannu ta ɗago. Fuskarta ta rame, shatin matashi a kumatunta, gefe ɗaya na gashin a taje, ɗayan a cukurkuɗe. Ta kalli Rediyo ta ce, “Ke 'yar mai kyamis ce ko? Ina cin yayyenki da katin nan kina yawo ba wando. Je ki tambayi mai kanti.”

An ɗauke wa Rediyo wuta. Ta tattara katinta, ta ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” ta fita har ta manta marfinta.

Yaya ta miƙo hannu na ba ta tsohuwa. Ta daɗe tana shafa ta da babban yatsa. Sai ta kalli jujin, tana motsa leɓe, ta ce, “Wa ya ce ki cire min Ɓera?”

Na zaro shi daga ƙarƙashin tabarma. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ga kaina a jikinta. Rigarta a jiƙe take ta gaba. Ta ce, “Mage, ko fuskarta ban gani sosai ba.” Ta yi kuka, irin mai sauti. Ban ce komai ba. Wannan na iya.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ta koma kallon bango har sha ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai. Sai ta ce shayin ya yi sanyi. Na ɗumama, ta sha rabin kofi da hannunta.

Rediyo ta turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. “Mai kanti ya ce gaskiya ne. Ya ce katin ya fi Zaki uku. Kun cuce ni ke da yayarki. Ina son ramuwa.”

Na karanta wa Yaya. Gefen bakinta ya motsa.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Likita ta zo ƙarfe huɗu. Ƙaramar jakar tana bakin ƙofa, Mama ta ce a bar ta nan tukuna. Ni ina kicin da kofina.

Sun fi minti arba'in. Ina jin muryar Likita, sai shiru, sai wata muryar, gajera. Da ta fito ta ce ba a warke ba, kada mu ruɗi kanmu, akwai ranakun da za su yi nauyi. Ta ce za a fara magani, kuma Yaya za ta riƙa zuwa ganinta duk Litinin. Mama ta ce, “To zancen can fa?” Ta ce, “Na tambaye ta. Ta ce a gida take so ta zauna, wai tana da ɗaliba.” Ta sa tabaranta ta leƙo kicin. “Ke ce?”

Na ɗaga kofin.

Ƙarfe shida Yaya Mai Firji ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa. Ya fara labarin wani injin daskarewa. Yaya ta ce, “Shigo mana. Ka zauna can kamar mai gadi.” Ya tashi da sauri har kujerar ta faɗi. Na jawo musu ƙofa, ban rufe duka ba.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na goge zagayen fensir a kalanda. Mama ta mayar da rigunan nan uku cikin sif.

Jakar shuɗiya tana sama har yanzu. Da safe Yaya ta daɗe tana kallonta. Ta ce, “Safar da kika saƙa tana ciki?” Na ce e, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ta ce ta sani. Ta ce ba yau ba. Na ce to.

Ta sha lemo ɓari uku ta ce akwai tsami.

Yanzu tana zaune ta jingina da bango, bangon yana bayanta. Tana cakuɗa katin. Ta ce ina riƙe kati kamar za a ƙwace min, sai ta gyara min hannu kafin Rediyo ta dawo. Ta ce in ajiye biron nan in kawo marfi.